Ina Rana Take Kwana Idan Dare Ya Yi?

Yara, barkanku da war haka. Jiya da almuru kun ga rana ta yi ja, ta gangara yamma, ta ɓace. Yau da sassafe sai ga ta ta ɓullo daga gabas. To, a ina ta kwana? Ta wace hanya ta zagayo ba wanda ya gan ta?

Ba ta je ko'ina ba. Mu ne muka juya mata baya.

Na san wani a cikinku zai ce, "Haba! Ai da idona na ga ta faɗi." Gaskiyarka, haka ido yake nunawa. Amma ku samo ƙwallo da tocila mu gwada. Ku shiga ɗaki, ku rufe taga, ku kashe fitila. Ku manna 'yar ƙaramar takarda a jikin ƙwallon, ku ce wannan takarda ku ne, ƙwallon kuma duniya. Ɗaya ya riƙe tocila ya haska, kada ya kuskura ya motsa hannunsa, domin shi ne rana. Me kuka gani? Rabin ƙwallon da ke fuskantar tocila ya yi haske, ɗaya rabin yana cikin duhu.

Yanzu ku juya ƙwallon a hankali, ku zuba wa takardar ido. Ga ta tana fitowa daga duhu, haske ya fara taɓa gefenta: gari ya waye ke nan. Ta zo daidai saitin tocila: rana ta take tsaka. Ta ci gaba, ta kai ɗaya gefen, hasken ya fara guje mata: magariba ta yi. Ta koma baya, dare ya tsala. Duk wannan, mai tocila yana tsaye inda yake, bai ko gusa ba.

Haka duniya take yi. Tana juyawa daga yamma zuwa gabas, juyi ɗaya cikin kimanin awa 24, shi ya sa kullum ta gabas muke fara hango rana. Kuma a daidai lokacin da kuke barci, yaran da ke ɗaya ɓangaren duniya suna cikin aji, rana na haska su.

Tambayar da na fi so ita ce wadda ke biyo baya: in har muna juyawa, me ya sa jiri ba ya ɗibarmu? Tambaya ce mai kyau, domin gudun ba ƙarami ba ne. Mutumin da ke tsaye a kan layin da ya raba duniya gida biyu, wanda ake kira Ikwaita, duniya na tafiya da shi kimanin kilomita 1,670 a awa ɗaya. Jirgin saman da ke ɗaukar fasinja ma bai kai haka ba. Sai dai jikin mutum ba gudu yake ji ba, canjin gudu yake ji. Ku tuna zama a mota a kan titi mai santsi. Har barci yakan kwashe ku. Amma da direba ya taka birki, ko taya ta faɗa rami, sai kowa ya zabura. Duniya ba ta taka birki, ba ta faɗawa rami. Iska da teku da duwatsu da gidaje duk tare muke tafiya, kuma akwai ƙarfin da duniya ke janyo komai da shi zuwa jikinta, shi ne ya riƙe mu.

Kada ku ji kunya don ido ya ruɗe ku, ya ruɗi manyan masana shekaru aru-aru. A shekarar 499, wani matashin masanin lissafi a ƙasar Indiya mai suna Aryabhata ya kawo misalin da har yau yana da wuyar dokewa. Ya ce wanda ke cikin kwalekwale yakan ga abubuwan da ke bakin kogi suna tafiya baya, alhali shi ne ke tafiya gaba, kuma haka muke ganin taurari suna tafiya yamma. Mutane da yawa ba su yarda da shi ba. Sai a 1851 wani Bafaranshe, Leon Foucault, ya nuna wa jama'a abin ƙuru-ƙuru a birnin Paris. A cikin wani dogon gini, ya rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 28 a jikin waya mai tsawon mita 67, ya sake shi yana lilo. Da aka jima sai aka ga layin lilon ya karkace, alhali ba wanda ya taɓa shi. Daɓen ginin ne ke juyawa a ƙarƙashinsa, tare da duniya.

Ban da wannan juyi, duniya tana da wata doguwar tafiya: zagaya rana. Tsakaninmu da rana akwai kusan kilomita miliyan 150, nisan da haske kansa sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. Zagaye ɗaya yana cin kwana 365 da kusan rubu'in kwana, shi ne shekara. Waɗannan rubu'o'in ake tarawa, bayan shekara huɗu su cika kwana guda, a ƙara wa watan Fabrairu ya zama kwana 29, kamar yadda aka yi a 2024.

Shi kuma wata, ba shi da hasken kansa, aro yake yi daga rana. Ku koma kan ƙwallonku, ku ce yanzu shi ne wata: kullum rabinsa ne ke shan haske. Yayin da wata ke zagaya duniya, wani lokaci sirin gefen haskensa kawai muke hangowa, mu ce jinjirin wata ya tsaya, wani lokaci kuma mu ga fuskar gaba ɗaya. Daga jinjiri zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne.

Ga aikin da zan bar muku. Gobe, in rana ta fito, ku kafa sanda a fili. Ku ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta da ƙarfe 8 na safe, wata da ƙarfe 12, wata da ƙarfe 4 na yamma. Da safe za ku ga inuwar doguwa tana nuna yamma, da tsakar rana ta gajarce ta dawo kusa da gindin sanda, da la'asar ta sake miƙewa ta nufi gabas. Inuwar za ku riƙa kallo, ban da ɗaga kai a kalli ranar, domin haskenta yana lalata ido. Ku auna tsawon kowace inuwa da taku, ku rubuta a littafi.