Zurfin kan harsashi: tsakanin haƙoran bututu da bangon magazin

Ku dubi harsasan nan guda biyu da ke kan teburi. Dukansu .308 Winchester ne, kwanso iri ɗaya, albarushi awo ɗaya, kawunansu ma, wato ɓangaren da ke fita daga bindiga idan an harba, daga kwali ɗaya aka ciro. Bambancin kawai shi ne na dama ya fi na hagu tsawo da kamar milimita biyu. Na hagu ya faɗa cikin magazin, wato ma'ajiyar harsasai ta jikin bindiga, ya zauna daram. Na dama kuwa tsininsa ya tokari bangon gaba, ko da babban yatsa ka danna ba zai kwanta ba. Kuma sau da yawa irin na daman nan ne yake tara harbi wuri guda a takardar gwaji. Duk mai haɗa harsashin farautarsa da hannu sai ya ci karo da wannan matsala, ko ba jima ko ba daɗe.

Bari mu leƙa cikin bututun bindigar. Harsashi idan ya shiga mazauninsa aka rufe sakata, wato ƙarfen da ke kulle shi ta baya, kansa ba ya taɓa komai. A gabansa akwai ɗan wuri sumul da ake kira maƙogwaro, bayan shi sai haƙoran nan masu murɗewa su fara, waɗanda ke kama kan harsashi su juya shi don ya tafi miƙe. Tazarar da kan zai yi kafin ya ci karo da haƙoran ita ce tsalle. Idan ka tura kan can cikin kwanso, tsallen ya ƙaru. Idan ka bar shi a waje-waje, tsallen ya ragu, harsashin kuma ya ƙara tsawo. Masu gasar harbi suna son kan ya matso daf da haƙora, wasu har ya taɓa, domin da yawa daga cikin bindigoginsu a nan suka fi saiti. Amma su ɗaya-ɗaya suke ɗurawa da hannu, ba ruwansu da magazin.

Awo iri biyu ake yi, kuma nan ne sababbin shiga ke rikicewa. Na farko daga gindin kwanso zuwa tsini, wanda littattafan haɗa harsashi ke rubutawa COAL. Wannan awon shi magazin ta sani. Na biyu daga gindin kwanso zuwa gangaren kan, wato inda kaurinsa ya kai ya taɓa haƙora, kuma shi bututu ya sani. Ɗebo kawuna goma masu tsinin dalma daga kwali ɗaya ka auna tsawonsu, za ka ga ba su zo daidai ba, wani ya ɗan lotse, wani ya ɗan fi tsini. Shi ya sa ake ɗaura wa ma'auni wani ɗan zobe da ke zama a kan gangaren, irin wanda Hornady da wasu kamfanoni ke sayarwa. Da awon gangare ake saita abin da ke matsa kai cikin kwanso, da awon tsini kuma ake tabbatar da cewa mafi tsawo a cikin harsasan zai shiga magazin.

Tsawon nan yana da ƙa'ida. A Amurka akwai SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsashi, wadda aka kafa a 1926, a Turai kuma akwai takwararta CIP. A ma'aunin SAAMI, .308 Winchester ba ya wuce inci 2.810, .30-06 da .270 Winchester inci 3.340, .223 Remington kuma inci 2.260. A kan waɗannan alƙaluma masu ƙera bindiga ke yanka magazin, su ɗan bar rara kaɗan. Maƙogwaro kuwa sukan sake shi sosai, don kowane harsashin kanti, mai dogon kai ko mai dunƙulen kai, ya shiga ba tare da ya cije haƙora ba. Bindigogin Weatherby ma da gangan aka yi musu dogon maƙogwaro, domin matsi ya sassauta a farkon tashin harsashi. Sakamakon haka, a bindigogin farauta da yawa, kafin kan ya kai ga haƙora tuni harsashin ya fi ƙarfin magazin.

Kawunan zamani sun ƙara dagula lissafin. An tsawaita su, an sirance hanci, an zuge gindi, don su ratsa iska da kyau a nesa. Ga kuma na jan ƙarfe zalla, waɗanda suka yaɗu a wuraren da aka hana farauta da dalma, kamar jihar Kalifoniya tun 2019. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka kan jan ƙarfe dole ya fi na dalma tsawo idan nauyinsu ɗaya. Magazin ba ta ƙara tsawo ba, to ina rarar za ta tafi? Cikin kwanso, inda albarushi ke zama. Wannan na cikin abin da ya sa harsashin 6.5 Creedmoor, da Hornady ta fitar a 2007, ya sha gaban .260 Remington duk da cewa kaurin kawunansu ɗaya. Kwanson Creedmoor inci 1.920 ne, na .260 kuma 2.035, don haka a magazin ɗaya dogon kai ya fi samun wurin miƙe ƙafa a Creedmoor.

Yanzu maganar matsi, kuma a nan ina so ku tsaya ku saurara da kyau. Haɗari yana ta gaba, yana ta baya. Idan kan ya cije haƙora, ba shi da wurin ɗaukar gudu kafin ya fara shiga cikinsu, sai matsi ya yi tsalle sama. Idan kuma ka tura shi can ciki fiye da kima, ka rage wa albarushi ɗaki, nan ma matsi ya hau. Awon albarushin da ke cikin littafi an gwada shi ne a tsawon da aka rubuta a gefensa. Ka sauya tsawon sosai, ko ka sauya irin kan, to ka koma awon farawa na littafin ka riƙa hawa sannu a hankali. Sakata ta yi tauri wajen ɗagawa bayan harbi, ko gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, ka dakata nan take.

Ni a ganina, mafarauci ba shi da abin nema a jikin haƙora. Ku yi tunanin wanda ya ɗura harsashi da asuba, ya yini bai samu abin harbi ba, da yamma ya ja sakata zai sauke. Kan ya maƙale a bututu, kwanso ya fito shi kaɗai, albarushi ya zube cikin kayan kunama. Sai an nemo sanda an zura ta baki an turo kan, sannan a zauna share ƙwayoyin albarushi ɗaya bayan ɗaya, ga duhu yana yi. Idan kuma bai lura ba ya yi ƙoƙarin cusa wani harsashin a baya, abin ya wuce ɓacin rai.

To ta ina za a fara? Ta magazin. Auna cikinta daga bangon baya zuwa na gaba, ka rage kamar inci 0.020, wato rabin milimita. Sannan ka auna inda kan da za ka yi aiki da shi yake taɓa haƙora, ko da ma'aunin da aka yi don haka, ko da kwanson da aka sassauta wa wuya ta yadda sakata za ta tura kan ciki idan an rufe. Maimaita awon har sai alƙaluman sun daidaita, domin hannu yakan yaudari mutum. Daga wannan ma ka ja baya kaɗan. Cikin tsawon biyu, wanda ya fi gajarta shi ne iyakarka, kuma duk gwajin da za ka yi daga nan ciki za ka riƙa shiga.

Kafin ka taɓa albarushi, haɗa harsasan gwaji uku ko huɗu, babu albarushi babu abin tayar da wuta, ka yi musu alama da tawada. Cika magazin da su, ka ja sakata da sauri kamar dabba ta miƙe za ta gudu, ka sake ja a hankali kamar kana gudun ta ji motsi. Ka kula da na ƙasa da kuma na ƙarshe, su suka fi gardama. Sannan ka sake auna su. Idan wani ya ragu, wuyan kwanson bai riƙe kan da kyau ba. Tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar ita ce a bar jikin kan a cikin wuya gwargwadon kaurinsa, kuma zugaggen gindin nan ba ya cikin lissafi tunda ba ya taɓa wuya. Haka nan kada gangaren ya nutse ƙasa da bakin kwanso. Idan ya kai ga haka kafin harsashin ya shiga magazin, wannan kan ba na bindigarka ba ne, nemi wani.

Kada tsalle ya ba ku tsoro. Kamfanin Barnes yana ba da shawarar a fara kawunansa na jan ƙarfe da tsallen inci 0.050. Kamfanin Berger kuwa, wanda aka san dogayen kawunansa da tsirfa, ya ba mafarauta hanyar gwaji mai manyan taku: inci 0.010, 0.050, 0.090 da 0.130 daga haƙora. Ma'ana wurin da bindiga ke so ba guda ɗaya ba ne, akwai wani can baya, kuma sau da yawa ya fi faɗi, ba ya lalacewa don an kuskure da ɗan kaɗan. Idan magazin ta hana ka takun farko da na biyu, fara daga inda ta yarda. Sai dai harbi uku ba ya yanke hukunci. Tsawon da ya yi kyau yau, a sake gwada shi wata rana kafin a yarda da shi.

Akwai kuma abin da ke faruwa da harsasan da ke jira a magazin lokacin harbi. Bindiga ta ja baya da ƙarfi, su kuma suna nan inda suke, sai bangon gaba ya daki tsininsu. A manyan bindigogi wannan yakan lotsa tsinin dalma, ko ya tura kan ciki, shi ya sa ake matse bakin kwanso a kan tsagar da ke jikin kan. A bindiga irin Winchester 94 mai .30-30, inda harsasai ke jere a magazin mai siffar bututu, tsinin wannan a gindin wancan, ba a sa kai mai ƙaƙƙarfan tsini sam, sai mai faffaɗan baki ko mai tsinin roba mai laushi da aka yi don haka, kuma tsagar ce ke yanke zurfin.

Wasu sukan haɗa dogo guda ɗaya su ɗura da hannu, gajeru kuma a magazin. Yana yiwuwa, amma ka ɗauki harsashi iri biyu ke nan, kuma ba lalle su faɗi wuri ɗaya ba. Na fi son kowane harsashi a aljihu ya shiga ta ko'ina. Idan ka samu tsawon da ya yi maka, rubuta awon gangare da na tsini a jikin kwalin, tare da sunan kan da lambar rukuninsa. Wutar harbi tana cin maƙogwaro a hankali, haƙora suna ja gaba, don haka bayan 'yan ɗaruruwan harbi, ko ranar da ka buɗe sabon kwalin kawuna, sai ka sake ɗauko ma'auni.