Zinariyar da Aka Ci da Zanen Lamba 8

Ku yi tunanin wasu mutane da suka sunkuya a kan ƙanƙara cikin manyan rigunan sanyi, sai ka ce allura suka yar suke nema. Alƙalan wasan zamiyar ƙanƙara ne, kuma sawun da takalmin wata 'yar wasa ya bari suke dubawa.

A yau in aka ce wasan zamiyar ƙanƙara na mata, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kiɗa da tsalle da juyi kamar katantanwa. Da can ba nan maki yake ba. Har zuwa 1968, kashi 60 cikin 100 na makin 'yar wasa daga zane yake fitowa. Za a ba ta fili mai sumul, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta tunkuɗa kanta sau ɗaya tak, ta zana da'ira biyu a manne, siffar lamba 8. Sannan ta maimaita, layi bisa layi, sau uku da kowace ƙafa. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin baki biyu gare shi, na ciki da na waje, da ɗan kwarmi a tsakani. In ta hau bakin da ba shi aka ce ba, ko ƙafarta ta yi rawa, ƙanƙara za ta tona mata asiri. Babu kiɗa, babu tafi, sai sanyi da shiru.

A wannan fagen babu kamar Beatrix Schuba 'yar Ostiriya. A gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sapporo ta ƙasar Japan a 1972, lokacin zane na da rabin maki, ta ba abokan karawarta tazarar da ba ta kamuwa tun kafin a kunna kiɗa. Da aka zo wasan kiɗa, ta bakwai ta zo. Wadda ta lashe wannan ɓangaren ita ce Janet Lynn ta Amurka, wadda ta zame ta faɗi tana cikin juyi, ta miƙe da murmushinta kamar ba abin da ya faru, har wani alƙali ya ba ta 6.0, makin da babu sama da shi. Da aka haɗa lissafi, Schuba ta ɗauki zinariya, Karen Magnussen ta Kanada azurfa, Lynn tagulla.

To, ka yi wa mai kallon talabijin bayanin wannan. Bai ga zane ba, don ba abin nunawa ba ne, ya dai ga ta bakwai ta zama zakara. Ni dai ban ga laifin Schuba ba, dokar da ta tarar ita ta bi, kuma gwaninta ba a ƙwace mata. Amma hukumar wasan ta duniya ta ji ƙorafi. A 1973 ta shigo da gajeren wasa na tsalle da juyi, ta rage wa zane ƙarfi.

Duk da haka zane bai daina cin mutane ba. Midori Ito 'yar Japan, gajeruwa amma in ta tashi sama sai ka riƙe baki, ita ce mace ta farko da ta yi tsallen Axel mai juyi uku da rabi a gasa, a 1988. A gasar duniya ta 1990 a Halifax ta lashe gajeren wasa, ta lashe dogon wasan kiɗa, amma ta goma ta zo a zane, sai Jill Trenary ta Amurka ta tafi da kambi. Daga wannan shekarar aka soke zane a gasannin ƙasa da ƙasa.

A Olamfik na 1992 a Albertville ta Faransa, babu alƙalin da ya sunkuya. Ito ta gwada tsallen nan nata a farkon dogon wasa, ta sha ƙasa. Ana dab da ƙarshe, lokacin da ƙafafu suka gaji, ta sake gwadawa, ta dira daram. Azurfa ta samu, Kristi Yamaguchi ta Amurka ta ɗauki zinariya.