Lacca: Tsohuwar filasha a kan kyamarar dijital

Assalamu alaikum. Jama'a, duk wanda ya taɓa ɗauko filasha ta zamanin fim ya maƙala wa kyamarar dijital ba tare da ya auna wutarta ba, ya ɗaga hannu. To, ga hannuwa nan, har da nawa. Sa'a kawai muka taka.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, ƙafar filashar tana shiga mazauninta daram, ka danna kuma ta haska, sai ka ce shi ke nan. Ku dubi ɗan ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafar. Da zarar filasha ta cika, akwai wuta tsaye a bakinsa tana jira, aikin kyamara kawai ta haɗa shi da ƙarfen gefe, sai haske ya tashi. A kyamarorin dā, ƙarafa biyu ne ke taɓa juna, ko bolt 300 ka sakar musu ko a jikinsu. Kyamarar yau kuwa ɗan mitsitsin makunnin lantarki ne ke wannan aiki, kuma yana da iyakar wutar da zai iya ɗauka, in an wuce ta yana iya lalacewa.

Ga misali, filashar Vivitar 283, wadda ta fito a farkon shekarun 1970. Ƙananan batura huɗu take ci, bolt 6 ke nan. Amma na farko-farkon da aka ƙera a Japan, an sha auna fiye da bolt 200 a ƙafarsu. Na baya kuwa wutarsu ba ta taka kara ta karya ba. Suna ɗaya, kama ɗaya. Saboda haka kada wani ya ce maka "ai irin tawa ce, lafiya lau take".

Kyamarorin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 10330 ta tsaya a kan bolt 24. Wasu kyamarorin dijital na farko na Canon, irin su D30 da 10D, bolt 6 ne haddinsu. Nikon kuma a littattafanta takan yi gargaɗi kan wutar da ta wuce bolt 250, da wadda ta zo a juye. Buɗe littafin taka kyamarar ka karanta.

Awon ba wuya. Sa sababbin batura, kunna filashar, jira fitilarta ta kama. Ɗauko mitar awon wuta ta dijital, juya ta zuwa DC, jan tsinke a ƙarfen tsakiya, baƙi a ƙarfen gefe. Na ce ta dijital, domin tsohuwar mita mai allura takan zuƙe wutar ta nuna maka ƙasa da gaskiya. In kuma ka ga alamar ɗebewa kafin lambar, wutar a juye take.

To, in wutar ta yi yawa fa? Kada ka yar da filashar, haskenta na nan garau. Akwai ɗan abin da ake sawa tsakaninta da kyamara, irin Wein Safe-Sync, mai sauko da wutar zuwa bolt 6. Ni dai na fi son raba su gaba ɗaya: a ajiye ta gefe da ɗan idon da ke tayar da ita in ya ga hasken wata filashar. Sai dai a kula, kyamarar dijital takan ƙyafta ɗan hasken gwaji kafin na ainihi, idon ya gani ya harba tun hoto bai buɗe ba. Mayar da ƙaramar filashar kyamarar kan saitin hannu, in tana da shi, wannan ƙyaftawar ta ɗauke.

Wani ya tambaya daga baya can, ko zai iya kwance ta ya gyara da kansa. Malam, kafasiton da ke ciki, wato ma'ajiyar wutar filashar, yana riƙe da bolt wajen 300 ko bayan ka zare batura. In ba aikinka ba ne, kai wa mai gyara.