Hawainiyar Sifaniyanci: hira a kan aikatau "ir"

Yaya: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma mu uku ne, ni da Malama da autarmu, wadda tun da ta shigo take cika tana batsewa kamar an hana ta kuɗin adashi.

Auta: Yaya bar ni kawai. Kunya na sha a makon nan. Kun san ƙawar nan tawa 'yar Meziko, wadda nake koya wa gaisuwar Hausa ita kuma tana gyara mini Sifaniyanci ta waya? Ranar Talata zazzaɓi ya kwantar da ni, na je asibiti. Da daddare ta tambaye ni ina na shiga, sai na rubuta mata "fui médico". Can sai ga amsa: ashe ke likita ce a da? Me ya sa kika bar aikin?

Malama: Ayya! Ai harafi biyu kacal kika yar a hanya. Da kin ce "fui al médico", shi ke nan, kin je wurin likita. Da kika cire "al" ɗin nan, sai maganar ta koma "na taɓa zama likita".

Yaya: To Malama likita, barka da ritaya.

Auta: Ka ji ko? Malama, don Allah ta yaya kalma ɗaya za ta zama "na je" kuma ta zama "na kasance"?

Malama: Abin da ya kawo mu ke nan yau. Aikatau ɗin shi ne "ir", wato tafiya ko zuwa wani wuri. Harafi biyu ne, amma a Sifaniyanci da wuya a sami mai rikiɗa irin tasa. Mu fara da lokacin da ake ciki. Ina tafiya, "voy". Kana tafiya, "vas". Yana ko tana tafiya, "va". Muna, "vamos". Kuna, "vais". Suna, "van". A lura, harafin v a bakinsu kamar b yake fita, don haka "boi" za ki ce, "bas", "ba".

Yaya: Dakata Malama. Kin ce sunansa "ir". Ina i ɗin, ina r ɗin? Ni ko ɗaya ban ji ya fara da su ba a cikin shidan nan.

Malama: Ba za ka ji ba. Asalinsa aikatau uku ne na Latinanci aka haɗa su gida ɗaya. Akwai "ire", mai nufin tafiya. Akwai "vadere", shi ma tafiya ne, irin ta mai takawa da sauri. Sannan akwai "fui", wanda aka ɗauko daga aikatau na kasancewa. Ka ɗauke su kamar kishiyoyi uku, kowacce da ranar girkinta. Lokacin da ake ciki girkin "vadere" ne, shi ya sa duk suka fara da v.

Yaya: Yanzu na gane wani abu. "Vamos" ɗin nan ai mun daɗe muna jin sa a gidan kallon ƙwallo, in ana wasan Real Madrid ko Barcelona. Har Rafael Nadal, kafin ya yi ritaya a 2024, in ya ci maki a tanis haka yake ihu. Ashe "mu je" suke cewa.

Malama: Shi ne dai. "Muna tafiya" ne, kuma "mu je" ne. Shi kuwa "vais", Auta kada ki wahalar da kanki da shi a kan ƙawarki. Mutanen Sifaniya ke amfani da shi. A Meziko da Kolombiya da Ajantina, in ana magana da mutane da yawa "ustedes van" ake cewa.

Auta: Alhamdulillahi, an rage mini ɗaya. To mu je wurin wanda ya kunyata ni.

Malama: Shuɗaɗɗen lokaci, abin da aka yi aka gama. "Fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron." Waɗannan shidan babu bambancin ko ɗigo tsakaninsu da na aikatau "ser", wato kasancewa. Abin da ya biyo baya ne ke raba gardama. In kika ga "a" da sunan wuri, tafiya ce: "fuimos a Madrid", mun je Madrid. In siffa ce ko sana'a, kasancewa ce: "fue difícil", abin ya yi wuya.

Auta: Ƙawar tawa wani lokaci "fuistes" take rubutawa, da s a ƙarshe.

Malama: Masu harshen da yawa suna faɗar haka, don kusan ko'ina in ana magana da mutum ɗaya kalmar da s take ƙarewa, "vas", "ibas", "irás". Sai baki ya ja ta. Amma a jarrabawa kuskure ne, "fuiste" ake so. Kuma kada ki ɗora wa "fui" da "fue" alamar nan ta saman wasali, ba sa ɗaukar ta.

Yaya: Ni fa har yanzu ina ganin mutanen nan sun wahalar da kansu. Mu a Hausa, na je, ka je, zan je, nakan je. "Je" tana nan zaune, wakilin suna ne ke ta kai-komo.

Malama: Rabin maganarka gaskiya ce. Mu lokaci a gaban aikatau muke rataya shi, su kuma a wutsiyarsa, shi ya sa ba sa ma damuwa da faɗar "ni" ko "kai", wutsiyar ta riga ta faɗa. Amma Yaya, faɗa mini, in aikin yana ci gaba, me kake cewa? "Ina jewa kasuwa"?

Yaya: A'a, ina zuwa kasuwa.

Malama: To ina "je" ta shiga? Kuma "zuwa" ɗin nan ta wace ce, ta "je" ko ta "zo"?

Yaya: Kai! Ta duka biyun ce.

Malama: Ka ga namu "fui" ɗin ke nan. Wanda ke koyon Hausa haka yake dafe kai in ya ji "ina zuwa", bai san tafiya za ka yi ko tahowa ba. Mu kuma ko a jikinmu, don zancen da ke kewaye da ita ya wadatar. Har ma in uwa ta ƙwala wa yaro kira a Sifaniya, "¡ya voy!" yake amsawa, daidai inda namu zai ce "ina zuwa!"

Auta: Yana kwance bai ko motsa ba.

Malama: Wannan kuma halin yara ne, ba na nahawu ba. Saura girkin uwargida, "ire". Ita ke da "iba, ibas, iba, íbamos, ibais, iban", abin da aka saba yi a da. "De niña iba al mercado con mi abuela", ina yarinya nakan je kasuwa da kakata. In sau ɗaya kika je, "fui". In al'adarki ce a lokacin, "iba". A wannan lokacin aikatau uku ne kawai a duk harshen suka kauce wa ƙa'ida, "ir" da "ser" da "ver". Da b ake rubuta shi, mutane na yawan kuskuren sa v.

Auta: Lokaci mai zuwa fa? Ina jin tsoron tambaya.

Malama: Nan ne ya fi ladabi. "Iré, irás, irá, iremos, iréis, irán", bisa ƙa'ida tsaf. Amma a hirar yau da kullum za ki fi jin "voy a" da wani aikatau a bayansa. "Voy a comer", zan ci abinci. Kalma da kalma, "ina tafiya in ci". Yanzu ku saurari Hausa. Ina za ka? Za ni Kano. Wannan "za" ta tafiya ce. Ita ce kuma a cikin "za mu ci", "zan karanta".

Yaya: Wato mu da su dabara ɗaya muka yi, muka mai da tafiya ta zama gobe.

Malama: Ba tare da mun haɗu mun yi shawara ba. Akwai sauran guda da ba zan zurfafa ba yau, "vaya", na fata da umarni. Ki dai riƙe jimlar sallama, "que te vaya bien", kamar mu ce Allah ya sa a dace. Umarnin jam'i kuma har masanansu sun sha gardama a kai. Ƙa'ida ta ce "idos", ku tafi, jama'a suka nace wa "iros", har hukumar kula da harshen da ke Madrid, wadda aka kafa tun 1713, ta amince da shi a 2017.

Auta: Bari in gyara saƙona tun kafin ta fara turo mini hotunan ƙurajen ɗanta. "El martes fui al médico." Daidai?

Malama: Daidai. Tura.

Yaya: Ni kuma Malama, yaya zan ce na tashi? Saura minti goma a take wasa.

Malama: "Me voy." In ka sa "me" a gaba, barin wurin kake nufi.

Yaya: To jama'a, me voy. Auta, ki kashe na'urar in kun gama.