Sau 120 a zango ɗaya? Yadda malamai ke ƙirga fashi

[Hoto: takardar sakamako, an rufe sunan ɗalibi]

Jama'a, assalamu alaikum. Duk ƙarshen zango sai wannan rigimar ta tashi a zaurukan iyaye na WhatsApp a nan Zariya. Uba ya ɗauki hoton takardar sakamakon ɗansa ya tura: an buɗe makaranta sau 120, yaro ya halarta sau 100. Sai ya hau faɗa, wai ɗansa bai yi fashin kwana 20 ba, shi da kansa yake sauke shi a babur. Wani ya ce to yaushe ma aka yi kwana 120 a zangon wata uku? Dukansu suna da gaskiya, malamin ma bai yi ƙarya ba.

[Hoto: rajistar aji a buɗe, hannun malami da biro]

Ku dubi gidan kwana ɗaya a rajistar nan. Sau biyu ake kiran suna, da safe bayan asambuli, sai kuma bayan an dawo daga tara. Wannan ɗan layin da ya karkata na safe ne, wanda ya zo ya haɗe da shi na rana ne. Wanda ba ya nan, a zana masa ƙwai. A ce zangon mako 12 ne, kwana 5 kowane mako, kwana 60 ke nan. A ninka biyu, ga 120 ɗinku.

Kada kuma a kwatanta da takardar ɗan maƙwabci. A farkon 2022 makarantun gwamnatin Jihar Kaduna suka koma kwana 4 a mako, masu zaman kansu da yawa suka zauna a kan 5, don haka lambar ba lallai ta zo ɗaya ba.

To, a tsaya nan, domin nan gizo yake saƙar. Ƙwai 20 ɗin nan, ba labari ɗaya suke bayarwa ba.

[Hoto: shafuka uku jere da juna]

Shafin farko, ƙwayayen a jere suke, mako biyu cur, tsakiyar damina. Kwana 10 ne, safe da rana. Malamin aji yana gani ya san zazzaɓin cizon sauro ne ko wata jinya. Wannan ba ya tayar masa da hankali sosai. Yaro zai dawo, ya ari littafin abokinsa ya kwafe, a ɗan ja shi ya kamo.

Shafi na biyu, duk na safe ne. Yarinya tana zuwa kullum, amma sai an gama kiran suna, don sai ta sayar da koko da ƙosai tukuna. A gida ba wanda zai ce ta yi fashi ko na yini ɗaya. Matsalar ita ce makarantu da yawa da safe suke sa Lissafi da Turanci, lokacin ƙwaƙwalwa da sanyinta. Ita ta rasa darasi iri ɗaya har sau 20. Wanda bai ga farkon rabawa ba, yaya za a yi ya gane ƙarshensa?

Shafi na uku, na rana ne. Wannan shi ne yaron da Baba ya sauke a ƙofar makaranta da hannunsa. Ya amsa suna da safe, ana tashi tara ya haura katanga, sai gidan kallon ƙwallo ko wurin gyaran waya a Sabon Gari. Ƙarfe biyu ya shigo gida da jaka a baya, har da su “wash, na gaji”. A ganina wannan shafin ya fi sauran haɗari, domin shi ne kaɗai wanda iyaye ba su da labarinsa.

[Hotuna a jere: asibiti, ofishin ilimi, gona]

Sauran ma'aikata kowa da abin da yake nema a shafin. Ma'aikaciyar lafiya za ta tambaya ko fashin yana dawowa duk wata, kwana biyu ko uku, ga yarinyar da ta fara girma. Sau da yawa al'ada ce, a makarantar da ba ruwa ba banɗaki mai ƙofa. In kuma da hunturu yake tsananta, tana iya cewa a gwada sikila. Jami'in sa ido daga SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, shi jimillar mako yake dubawa da kashi cikin ɗari. Hedimasta a ƙauyukan wajen Giwa da Soba ba ya bukatar kalanda ya san kaka ta yi, ajin da kansa zai gaya masa an fara girbin masara.

Doka ma tana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 na farko, ta kuma tanadi gargaɗi ga uban da ya ƙi, in ya maimaita tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Naira 2,000 a yau, kowa ya san abin da take saye.

[Hoto: rajista, kyamara ta matso]

Malamai, gafara dai, ku ma da naku. Akwai mai cika gida biyu lokaci ɗaya da safe don ya huta, akwai mai tara na mako guda ya cike ranar ƙarshe daga ka. A irin wannan rajistar, ɗan haura katanga yakan fito da 120 cif, har a yaba masa.

Saboda haka in lambar ba ta kwanta muku ba, a je makaranta lokacin tara, a nemi malamin aji, a ce Malam a buɗe mana shafin yaron. In jinya ya yi, a tafi da katin asibiti.