Rediyon Wa Kake Ji?

Lacca ce da aka yi wa matasan zango a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo, Kumasi, a ƙasar Ghana. An rubuto ta daga rikodin, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena sarakuna, iyaye mata da ke can baya, ƙannena samari da 'yan mata, ina gaisuwa.

An ce in yi magana kan ɓangarancin siyasa a gidajen labarai da abin da yake yi wa hirarmu. Bari in fara cire muku wani zato, domin ina jin dattawa suna cewa 'yan jaridar da mutanen kirki ne, na yau ne suka lalace. A garin nan aka kafa jaridar Ashanti Pioneer a 1939, John Tsiboe da matarsa Nancy suka kafa ta. Nkrumah ya buɗe tasa, Accra Evening News, a 1948. Kowacce da inda ta karkata, kuma babu mai ɓoyewa. Pioneer ta tsaya da 'yan adawa, ta yi ta caccakar Nkrumah har gwamnati ta rufe bakinta a 1962. Daga nan muka shiga dogon zamanin murya ɗaya: GBC, gidan watsa labarai na ƙasa, a rediyo da talabijin, Daily Graphic da Ghanaian Times a takarda, duka na gwamnati. Sojan da ya yi juyin mulki, gidan rediyo yake fara kamawa. Shi ya sa iyayenmu suke murɗa akwati su nemo sashen Hausa na BBC ko na Jamus, don su ji abin da ya faru a ƙasarsu daga bakin wanda ke Landan.

Tsarin mulkin 1992 ne ya sauya wannan. Babi na 12 ya ba 'yan jarida 'yanci, ya kafa hukumar kula da kafafen labarai, ya kuma wajabta wa gidajen gwamnati su ba ra'ayoyi mabambanta dama. Ba a daɗe ba aka gwada shi. A 1993 GBC ta watsa taron da NDC, jam'iyyar da ke mulki a lokacin, ta yi na kare kasafin kuɗi, jam'iyyar adawa ta NPP ta nemi a ba ta irin wannan lokaci aka hana ta, ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta yi nasara. A ƙarshen 1994 Dakta Wereko-Brobby ya buɗe Radio Eye a Akra ba tare da jiran izini ba, bai kai wata guda ba 'yan sanda suka kwashe kayansa, amma ƙofa ta riga ta ɓalle. Joy FM ta fito a 1995, sauran suka biyo, yau ɗaruruwa ne. A 2001 gwamnatin Kufuor ta soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna. Kada wani ya raina wannan. Akwai ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu inda rabin abin da kuke faɗa a rediyo da safe zai sa mutum ya kwana a bariki.

To amma wa ke iya buɗe gidan rediyo? Sai ka samu mita daga hukumar sadarwa ta NCA, ka sayi na'urar watsawa, ka biya wuta da man janareta, ka biya ma'aikata. Talaka ba ya yi. Mai kuɗi ke yi, kuma a ƙasar nan mai kuɗi da ɗan siyasa sau da yawa mutum ɗaya ne. Oman FM da Net 2 na Kennedy Agyapong ne, ɗan siyasar NPP. Rediyo da talabijin na Wontumi a nan Kumasi sunan mai su suke ɗauke da shi, jigon NPP na yankin Asante. Daily Guide ta gidan Freddie Blay ce, wanda ya shugabanci NPP. A ɗaya hannun kowa ya san inda Radio Gold da Radio XYZ suka dosa, wato NDC. Na kawo na giwa, alamar NPP, na kawo na lema, alamar NDC, kada wani ya fita ya ce malam ya nuna launinsa.

Ni ban damu ƙwarai da cewa gidan rediyo yana da ɓangare ba. Wanda ya fito fili ya ce ni na wane ne, ka san yadda za ka auna maganarsa. Abin da ke damuna shi ne su ke zaɓa mana abin da za mu yi gardama a kai, tun daga asuba har dare.

Na yi aiki a wani gidan rediyo, ba zan faɗi sunansa ba, bari in gaya muku yadda ake dafa shirin safe. Kafin gari ya waye an kawo jaridu. A cikinsu akwai ƙanana, shafi takwas, waɗanda ba za ka taɓa ganin wani ya saya a kasuwar Kejetia ba. Ba don a saya ake buga su ba, don a karanta babban kanun a rediyo ne. Mai gabatarwa ya ɗauki kanun Turanci ya juya shi cikin Twi, harshen Asante, ya zuba gishiri da karin magana, har abin da jarida ta ce "ana zargi" ya koma "an kama shi". Sai a shigo da baƙi biyu, ɗaya daga kowace jam'iyya, kowanne da wayarsa a hannu, an riga an turo masa abin da zai faɗa daga ofishin yaɗa labaran jam'iyya. Ina kallonsu ta gilashi suna nuna wa juna yatsa, ana tafiya talla sai su raba koko da ƙosai suna dariya. Sai a buɗe layin waya a ce bari mu ji jama'a. Jama'ar nan, mu da ke karɓar kira mun san muryoyinsu. Akwai wanda zai kira mu a matsayin direban tasi daga Tafo, bayan rabin sa'a ka ji shi a wani gidan ya zama malamin makaranta daga Suame. Jam'iyya ke saya masa katin waya. Ɗan rahoton da ya je taron manema labarai kuma, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, a ƙofa aka miƙa masa ambulan ɗin soli, wato kuɗin goro da ake ba ɗan jarida. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu mutanen zango a hannu na uku muke karɓar wannan kaya. Daga Turanci zuwa Twi, daga Twi wani ya ɗauki waya ya yi saƙon murya da Hausa, ya ƙara wallahi tallahi biyu, ya jefa a WhatsApp. Kafin azahar yana wayar Hajiya a kasuwa, da la'asar samari suna kansa a majalisar shayi. A lokacin babu wanda ya san daga wace jarida ya fito, balle wa ya biya aka buga.

Ku duba abin da ya yi wa bakinmu. Tashi a cikin mutane ka ce kwatar unguwarmu ta toshe, damina na zuwa, ruwa zai sake shiga ɗakunan mutane. Ba za a tambaye ka wace kwata ba. Za a ce, kai na wa ne? In jam'iyyar mai sauraronka ke mulki, ka zama maƙiyi. In tasa ce ke adawa, ka zama ɗan'uwa, shi ma ba don kwatar ba. Haka aka yi da asusun raya zango da aka kafa a 2017. Wani gidan ya ce an mayar da zango Dubai, wani ya ce ko bulo ɗaya ba a aza ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma shirin da zai zauna ya ce ga abin da aka ware, ga abin da aka saki, ga ɗan kwangila, ga aikin, mu je mu gani, da wuya ka same shi, don ba ya tara masu kira. Kowane zaɓe kuma sai a tono mana korar baƙi ta 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ciwo ne na gaske, akwai gidajen da ke nan da aka raba har yau ba su haɗu ba. Amma abin da za a zauna a koya wa yara a matsayin tarihi, an mai da shi abin da ake fitowa da shi wata uku kafin zaɓe a mayar bayan an ƙirga ƙuri'a.

Wani lokaci abin yakan wuce surutu. A 2016 wasu mutum uku a Montie FM, gidan da ke goyon bayan NDC, suka yi wa alƙalan Kotun Ƙoli barazana a iska, kotu ta ɗaure su wata huɗu, Shugaba Mahama na NDC ya yi musu sassauci suka fito bayan kimanin wata guda. A 2018, bayan binciken su Anas, ɗan jaridar bincike, kan cin hanci a ƙwallon ƙafa, Kennedy Agyapong ya nuna hoton Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas, a talabijin ɗinsa, ya ce a doke shi. A Janairun 2019 aka harbe Ahmed har lahira a unguwar Madina da ke Akra. Agyapong ya musanta hannu a kisan, ni ma ban ɗora masa ba. Abin da nake so ku lura, a duka biyun kafin mutum ya buɗe baki ka san abin da zai ce, in dai ka san jam'iyyarsa. Jinin ɗan'uwanmu Musulmi ma sai da aka raba shi gida biyu.

Wani zai ce to gwamnati ta rufe su mana. A'a, ƙanena. A 2019, ƙarƙashin NPP, NCA ta rufe Radio Gold da Radio XYZ, ta ce lasisinsu ya ƙare. 'Yan giwa suka ce doka ce, 'yan lema suka ce zalunci. A 2025, ƙarƙashin NDC, hukumar nan dai ta rufe gidaje da dama har da na Wontumi, ita ma kan batun lasisi. Sai aka yi musayar baki, masu cewa doka suka koma cewa zalunci. Ko da takardun sun ƙare da gaske, mai riƙe da makulli yakan fi ganin laifin gidan da ke zaginsa.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma a hannunmu yake. Gidajen rediyonmu na Hausa, na ga wasu ma'aikatansu a nan, na san kuna sayar da lokaci don ku biya wuta, ban ce ku daina ba. Amma in ɗan siyasa ya sayi sa'a guda, ku faɗa a farkon shirin da ƙarshensa cewa wane ne ya biya. Ku kuma samari, tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayani. Kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takarda, kuma doka ta ba su kwana 14 su ba da amsa. Majalisar Asokore Mampong ga ta nan kusa, kuɗin mota ɗaya ne. Ku zaɓi aiki ɗaya a unguwar nan, kwata ko ajin makaranta, ku haɗa mutum biyu, ɗan giwa da ɗan lema, su sa hannu a wasiƙa ɗaya: wa aka ba kwangilar, nawa ne, nawa aka biya, yaushe za a gama. In amsa ta zo ku kai gidan rediyo a karanta da Hausa. In ba ta zo ba, ku kai kwafin wasiƙar da ranar da aka karɓe ta, a karanta wannan. Wanda bai iya tsara wasiƙar ba ya same ni bayan sallah, akwai samfuri a jakata.

Shugaban taro ya ɗaga mini hannu. Iyaye mata su fara tambaya, don an saba a bar su a ƙarshe har lokaci ya ƙure.