Motar ofis da gidan kamfani: nawa ne rabon hukumar haraji?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi wani ɓangare na albashi da ba ya faɗawa asusun banki, amma hukumar haraji tana da rabo a cikinsa: motar da kamfani ya ba manaja, gidan da aka saukar da likita ko shugaban makaranta, direba, mai gadi, man janareta. Ma'aikata da yawa suna ɗaukar waɗannan alfarma ce kawai daga wurin aiki. Doka kuwa albashi ta ɗauke su. Sai ta yi musu kuɗi, ta ɗora a kan abin da mutum yake karɓa, sannan a yanki haraji daga jimillar.

Wannan ƙa'ida ta daɗe a Najeriya, tana cikin dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993. Abin da ya sake tayar da maganar shi ne sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita. A ƙarƙashinta, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka abin yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Dokar ta kuma soke rangwamen nan na bai-ɗaya da aka shigo da shi a 2011, wanda yake yafe wa ma'aikaci haraji a kan kashi 20 na albashinsa da ƙarin aƙalla naira 200,000. Tun da wannan rangwame ya tafi, duk abin da aka ɗora a kan albashi kai tsaye ma'aikaci zai ji shi a aljihu.

Mu fara da mota, don nan aka fi yin gardama. A ce ma'aikaci yana karɓar naira miliyan 6 a shekara. Mu ajiye fansho da sauran abin da ake cirewa a gefe don lissafin ya fito fili. Harajinsa naira 870,000 ne. Sai kamfani ya sayi mota ta miliyan 20 ya miƙa masa makulli, da ita yake zuwa ofis, da ita ake kai yara makaranta da cefane. Doka ta ce a ɗauki kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka sayi motar, wato miliyan 1, a lissafa shi cikin albashinsa na kowace shekara. Wannan miliyan ɗin ya faɗa matakin kashi 18, ke nan ƙarin naira 180,000 a shekara, 15,000 duk wata.

A lura, da farashin ranar saye ake aiki. Ko motar ta shekara shida, fenti ya koɗe, akanta ya gama zaftare darajarta a littafin kamfani, miliyan 1 ɗin nan yana nan daram muddin tana hannun ma'aikacin. Idan kuma takardun saye sun ɓace, sai a koma ga abin da irinta take yi a kasuwa lokacin da aka mallake ta. Kujeru, firji, na'urar sanyaya ɗaki da janaretan da kamfani ya zuba a gidan ma'aikaci duk a wannan ma'auni ake auna su.

Amma fa idan hayar motar kamfani ya ɗauko, lissafi ya canza gaba ɗaya. Babu zancen kashi 5. Duk abin da aka biya na haya a shekara shi ake ɗora wa ma'aikaci. Motar da ake biya wa naira 300,000 a wata ta zama miliyan 3.6 a shekara, harajinta a wurin wannan ma'aikacin naira 648,000. Mota iri ɗaya, amfani iri ɗaya, amma haraji ya ninka fiye da sau uku saboda kawai yadda kamfani ya samo ta. Kamfanoni da dama sun fi son haya don kada su daskarar da jari, ba laifi, sai dai ya kamata a gaya wa wanda za a ba makullin tun kafin ya karɓa.

Gida kuma a nan sabuwar dokar ta yi gyara mai ma'ana. A da ana dogara ne da ƙimar da aka yi wa gini don harajin ƙaramar hukuma, alhali a garuruwa da yawa ƙimar ta tsufa ko babu ita sam, sai a yi ta ja-in-ja tsakanin jami'an haraji da kamfanoni. Yanzu kuɗin hayar gidan na shekara ake dubawa, tare da iyaka: kada abin da za a ɗora ya wuce kashi 20 cikin ɗari na albashin mutum na shekara. Wancan mai miliyan 6 ɗin, idan aka saukar da shi a gidan da hayarsa ta kai miliyan 2, miliyan 1.2 kaɗai za a lissafa masa, ƙarin harajinsa naira 216,000.

To da a ce kuɗin aka ba shi a hannu ya nemi gida da kansa fa? Miliyan 2 ɗin gaba ɗaya albashi ne. Abin da zai rage masa zafi shi ne sabon rangwamen haya, wato kashi 20 na hayar da ya biya, wanda ba ya wuce naira 500,000. A nan 400,000 ke nan, saura miliyan 1.6, haraji naira 288,000. Bambancin naira 72,000 ne a shekara, kuma gidan kamfani ne ya fi sauƙi. Rangwamen ma ba ya zuwa da kansa, sai ma'aikaci ya bayyana ainihin abin da ya biya, don haka wanda ya miƙa wa dillali kuɗi hannu da hannu babu rasit, babu takardar yarjejeniya, ya jawo wa kansa wahala. Wanda ke zaune a gidansa na kansa ko na gado ba shi da wannan rangwame.

Direba, kuku, mai gadi, kuɗin wuta, kuɗin makarantar yara: abin da kamfani ya kashe shi ake ɗorawa, kuma hidimar da aka yi wa iyali daidai take da wadda aka yi wa ma'aikacin. Idan yana mayar wa kamfani wani abu daga aljihunsa, a cire wannan tukuna.

Akwai waɗanda doka ta ɗauke wa haraji. Abincin da ake dafa wa ma'aikata baki ɗaya a kantin wurin aiki, yunifom, hular kwano da takalman kariya, kayan aiki, da kuɗin kwashe kaya idan an yi wa mutum sauyin wurin aiki. Haka kuɗin da ma'aikaci ya kashe a tafiyar aiki aka mayar masa. Inda ake tuntuɓe shi ne a mayar da waɗannan kuɗi tsaba. Kamfani ya rufe kantin abinci ya koma ba kowa naira 30,000 a wata, to wannan alawus ne, haraji ya hau kansa. Kuɗin tafiya da ake biya duk wata ko an yi tafiya ko ba a yi ba, shi ma haka. Goron sallah da albashin wata na 13, duk sunan da aka raɗa musu, suna ciki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun san wannan tun 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da gidaje da motocin gwamnati alawus na kuɗi.

Nauyin cirewa a wuyan mai biyan albashi yake, a tsarin nan da ake kira PAYE. Ya cire duk wata, ya miƙa zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, ya kuma shigar da bayanan ma'aikatansa na shekara zuwa 31 ga Janairu. Hukumar jihar da ma'aikaci yake zaune ake ba kuɗin, ko da hedikwatar kamfanin a Legas take. Mai zama a Kano nasa na hukumar tattara kuɗin shiga ta Kano ne, wanda kuma yake kwana a Mararaba ko Suleja yana aiki da kamfani a Abuja, na Nasarawa ne ko na Neja.

Masu binciken haraji ba a takardar albashi suke tsayawa ba. Rajistar kadarorin kamfani suke buɗewa su tambayi wa ke riƙe da kowace mota, su bi kuɗin haya da na dizal a littafin kashe-kashe. Motar da aka ce ta zirga-zirgar ofis ce, sai a kawo littafin da ke nuna wa ya fita da ita, ina ya je, a ina take kwana. Idan aka gano ba a cire harajin da ya kamata ba, tarar ta kai kashi 40 cikin ɗari na abin da ba a cire ba. Wanda ya cire ya riƙe kuma zai biya kuɗin, da ƙarin kashi 10 a shekara, da kuɗin ruwa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya. Binciken kan waiwayi shekarun baya, galibi bayan manajan da ya mori motar ya daɗe da barin aiki, sai kamfani ya biya daga asusunsa.